Kuɗin haya naka, yoyo na ɗan haya?

Wani dare cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, wajen ƙarfe biyu na ji ana buga mini ƙofa. Maƙwabcina ne, malamin firamare da ke hayar ciki da falo a gidan da ke jikin namu. Ya naɗe ƙafar wando, rigarsa sharkaf, ya ce don Allah in ara masa bokiti da baho in da akwai.

Na bi shi da fitilar waya. An jingine katifa da bango. Yara uku sun cure a kan kujera ɗaya kamar 'yan tsaki. Uwarsu tana kwalfar ruwa da kwanon sha tana watsawa tsakar gida. Silin ya yi ciki ya zazzago, kana gani ka san saura ƙiris ya rufto.

Da gari ya waye na raka shi wajen mai gidan. Ba zuwansa na farko ke nan ba, tun watan Mayu yake kai kuka cewa iska ta ɗaga kwanon. Muka tarar da Alhaji a ƙofar gida yana jin rediyo. Bayan an gaisa Malam ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar rufin nan ce dai. Jiya ko runtsawa ba mu yi ba."

Alhaji ko muryar rediyon bai rage ba. Ya ce, "Malam, kai ke kwana a ɗakin ko ni? Nemo kafinta ka gyara abinka. In kuma gidan bai yi maka ba, wallahi mutum uku ke jiran ka fita."

Wata biyu kafin wannan rana ya karɓi kuɗin shekara cif, har da ƙari.

Ni matsayina a kan wannan magana ba mai tsawo ba ne. Duk abin da ya shafi jikin gida, rufi da bango da katanga, masai da sokawe, rijiya da manyan bututun ruwa, wayoyin wutar da ke cikin bango, gyaransa na wanda ke karɓar kuɗin haya ne. Ɗan haya ba fili ya biya ba, ba kuma bulo ya saya ba. Ya sayi wurin da zai kwanta ruwa bai taɓa shi ba, ya rufe ƙofa ta rufu, ya kewaya ba tare da ya toshe hanci ba. Ran da ɗaya daga cikin waɗannan ya gushe, abin da aka sayar masa ya tauye. Kowa ya ci ladan kuturu, ai an san sauran.

Kada wani ya ce ɗan haya ne ke huce haushi. Na yi shekara 11 ina haya a gidaje uku a cikin Kano. Yanzu kuma ni ke kula da gidan gadon da mahaifinmu ya bari, mai 'yan haya huɗu, ni ke karɓa, ni ke raba wa magada, ni ake kira da tsakar dare in famfo ya fashe. Na zauna a inuwar biyu, na kuma sha ranar biyu.

Tushen abin: ana ɗaukar haya a matsayin alfarma

Yawancin rigimar da nake gani ba daga kuɗi take farawa ba. Daga yadda mai gida ke kallon kansa take farawa. A zuciyarsa taimako ya yi. Za ka ji yana cewa "na rufa masa asiri", "na ba shi wurin zama". To wanda yake ganin kyauta ya yi maka, yaya za ka zo masa da maganar haƙƙi? Sai ya ga ka yi masa butulci.

Amma in ka sayi shinkafa a Singa aka ba ka buhu rabinsa tsakuwa, ba wanda zai ce ka yi butulci don ka mayar. Haya ciniki ce. Malamai ma a babin ciniki suke karantar da ita, domin sayar da amfanin abu ne na wani lokaci a kan wani kuɗi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ne ga muminai su cika alƙawuran da suka ƙulla, kuma ba a ware alƙawarin da aka ƙulla da talaka ba.

Abin da ke ba mai gida wannan izza kowa ya san shi. Mutane sun fi ɗakuna yawa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba, ba a daina kwararowa birni ba. Dubi yadda Kurna, Bachirawa, Ɗorayi, Sheka, Gaida da Rimin Kebe suka cika suka batse. Inda mutum uku ke jiran ɗaki ɗaya, mai ɗakin ba ya jin tsoron rasa kowa. Sai dai samun damar yin abu daban, halaccinsa daban.

"Ai shi ke zaune a ciki"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, ita Alhajin ma ya jefo. Tana da kama da gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sanin inda ke yoyo bai sa rufin ya zama naka ba.

Tambaya ɗaya ke raba gardamar: ran da ɗan haya zai tashi, da me zai tafi? Zai kwance ƙwan fitilarsa, labulensa, fankarsa, kwaɗonsa. Ba zai ɓalle kwanon da ya saya ya ɗora a kura ba. Ba zai tone sokawen da ya sa aka sake ginawa ba. Duk abin da zai zauna a gidan bayan ya fita, dukiyar mai gida ce, kuma mai gida ne zai ci hayarsa a hannun na gaba. To don me wanda zai bar abu zai biya, wanda zai gaje shi ya naɗe hannu?

Abin da ke kan ɗan haya shi ma a bayyane yake. Ƙwan fitila ya mutu, kan famfo ya saki, makulli ya ɓata, yaronka ya fasa gilashin taga da ƙwallo, matarka ta yi daka a kan tayil ya tsage, naka ne. Sharar kwata da tsabtar banɗaki naka ne. Ba wanda ya ce a kira mai gida don an rasa sakata.

Tsakanin waɗannan biyu akwai abin da tsufa ke ci. Fenti ya kan koɗe, daɓe ya kan farfashe, gara ta kan ci katako, gishiri ya kan cinye gindin bango. Wannan ba laifin kowa ba ne, shekaru ne. A fikihu ɗan haya amintacce ne a kan abin da aka ba shi, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri. Wanda ya zauna shekara shida a ɗaki, ranar tashi ka ce sai ya mayar maka da shi yadda yake ranar da magini ya sauka, ka nemi ya biya ka kuɗin tsufan gidanka ne bayan ya biya ka kuɗin zama.

"Malamai sun ce ba a tilasta mai gida"

Wani mai gida da ya ɗan yi karatu ya taɓa kawo mini wannan, kuma bai yi ƙarya ba. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a nan, shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara.

Sai dai ya karanta rabin layi ya rufe littafi. Ragowar maganar ita ce, idan lalacewar mai cutarwa ce, irin yoyon da ke hana zama, ɗan haya na da zaɓin ya warware hayar ya fita, kuma kuɗin kwanakin da bai zauna ba ba ya kansa. A garin da ake karɓar kuɗin shekara tun kafin a ba ka makulli, ma'anar wannan ita ce mai gida ya zaro canjin wata takwas ko tara ya miƙa.

Na tambaye shi, "Alhaji, in ya zaɓi fita, za ka mayar masa da ragowar kuɗinsa?" Ya yi dariya ya ce ai kuɗi sun riga sun shige.

To ka ji. Gyara a'a, mayar da kuɗi a'a. Wannan ba mazhabar kowa ba ce. Kuma ko ba a je da nisa ba, hadisin da ya hana cuta da cutarwa ɗan makarantar Islamiyya ma ya haddace shi.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, harkar haya kowace jiha da tata. Wadda aka fi ambata ita ce ta jihar Legas ta 2011, zamanin Fashola. Ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kansu, ta ɗora wa ɗan haya riƙe cikin ɗaki da kyau ban da abin da tsufa ya ci, ta wajabta ba da rasit, ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya. Ba na cewa a Legas ana bin ta sau da ƙafa, duk wanda ya nemi ɗaki a Agege ya san ba haka ba ne. A Gana ma dokarsu ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida, amma 'yan'uwanmu na Zango kuɗin shekara biyu ake tambayar su. Takarda kaɗai ba ta toshe rufi. Amma aƙalla akwai layin da aka ja, wanda alƙali zai iya nunawa da yatsa.

"Kayan gini sun yi tsada"

Wannan hujja ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba, don ni ma ta cije ni.

A farkon 2023 buhun siminti yana wajen naira dubu 5. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun shekarar, aka saki naira ta nemi farashinta, komai ya tashi. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura dubu 10 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge zama a Abuja aka yi maganar dubu 7 zuwa dubu 8. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi bandir ɗin kwano, ka wuce 'yan katako a Na'ibawa ka tambayi falanki, za ka dawo gida jiki a sanyaye.

Kuma ba duk mai gida ne Alhaji mai motoci ba. Akwai gwauruwar da ɗakuna biyun nan su ne abincinta da na marayunta. Akwai ɗan fanshon da ya zuba giratutinsa kaf a gini, yanzu hayar ce maganinsa na hawan jini. Waɗannan in ka ce su sake rufi a wata guda, ka ce su daina cin abinci.

Na yarda da duk wannan. Amma tsadar ba mai gida kaɗai ta sama ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kuma malamin da na ba da labarinsa bai fi ƙarfin wannan layin da nisa ba. In mai kadara ya ce ba shi da halin gyara kadararsa, wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a ina zai samo?

Sannan abin da ke ba ni mamaki, tsadar siminti ita ce hujjar ƙara kuɗin haya, ita ce kuma hujjar ƙin gyara. A watan biya sai ka ji "ka san yadda kayan gini suka koma". A watan yoyo ma ka ji "ka san yadda kayan gini suka koma". Simintin da ba a saya ba, don me ɗan haya ke biyan tsadarsa?

Gaskiyar magana, yawancin gyaran da ke karya mai gida ƙarami ne aka bar shi ya girma. Abin da ya sami ɗakin Malam a watan Mayu falle biyu ne na kwano da iska ta ɗaga. Kafinta da ƙusa da yini ɗaya sun isa. Zuwa Satumba ruwa ya jiƙa katako ya ruɓe, silin ya faɗo, filasta ta ɓamɓare, bango ya sha ruwa ya tsage. Abin da dubu 15 za ta kashe ya koma na dubu ɗari da wani abu. Mai gidan yana ganin ya yi wayo ya tsira da kuɗinsa, alhali gidansa yake ci da kansa, ɗaki ɗaki.

Abin da na koya a gidan gadonmu ke nan, bayan na sha faɗa da 'yan'uwa. Duk kuɗin da ya shigo, kashi ɗaya cikin goma ba ya shiga rabo. In an tara dubu 600 a shekara, dubu 60 na gidan ne, kamar shi ma magaji ne. Shekarar farko wata ƙanwata ta yi fushi har ta daina ɗaga wayata. Kuma kowane watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai na sa kafinta ya hau sama ya zagaya, a duba indararo, a yashe kwata. Ba wata dabara ba ce sabuwa. Iyayenmu masu gidan ƙasa kowace shekara sai sun yi yaɓe kafin damina, ba su jira soro ya zubo ba.

Masai da wuta: inda abin ya wuce maganar kuɗi

Yoyo yana ɓata katifa. Akwai gyaran da barinsa ke ɗaukar rai.

A unguwannin awon igiya fili ƙafa 50 ne, wani ma rabin haka. A cikinsa aka haƙa rijiya, a cikinsa aka haƙa masai. Ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin biyun, filin kuwa duk tsawonsa bai wuce mita 15 ba. In sokawe ya cika ya fashe a irin wannan gida, ba wari kaɗai ba ne, ruwan da yara ke sha ne ya gauraya. Daga nan sai amai da gudawa, sai taifot, sai a ce iska ce. Mai gida yana can wata unguwa yana shan ruwan leda, yana cewa 'yan haya su yi karo-karo su kira mota.

Haka wayar wuta. Gidan da aka yi wa wayarin shekara 30 da suka wuce don ƙwai uku da rediyo, yau an raba shi gida shida, kowa da firji da dutsen guga da hita. Soket na ƙauri, bango na ja in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ya sake waya, ko yana da kuɗin. In gobara ta tashi lokacin hunturu sai a ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma an yi wata shida ana jin ƙaurinta.

Ko a ƙasashen da muke ganin sun ci gaba sai da rai ya salwanta kafin a farka. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, ya rasu a Disambar 2020 saboda funfunar da danshi ya haifar a gidan da suke haya, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka. Binciken kotu ya tabbatar da haka a 2022, daga baya aka yi doka da sunansa, wadda ta yanka wa hukumomin gidajen haya wa'adin da dole su yi irin wannan gyara. Mu a nan ɗaki nawa ne bangonsu ya yi baƙi da laima, jarirai na tari a ciki, ba wanda ya taɓa haɗa tarin da bangon?

"'Yan haya ba su da kirki"

Wasu kam ba su da shi. Na gani da idona. Na taɓa karɓar ɗaki a hannun wani, bango kamar an yi harbi saboda ƙusoshi, an toshe masai da tsumma da ƙunzugun yara, an bar mini bashin wuta na wata 14, an ɓalle har kan famfo an tafi da shi. Akwai wanda za ka ba ɗaki shi da matarsa, bayan wata uku ka tarar da mutum tara. Akwai wanda wata ya yi sai ya kashe waya.

Amma maganin wannan ba shi ne a hukunta na kirki da laifin na banza ba. Maganinsa abin da muke jin kunyar yi ne: rubutu. Mu Hausawa in ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da mutum ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ɗaya ta isa. Nawa ne, yaushe ne, wane gyara na wane, in ɗan haya ya yi gyara da izini yaya za a cire masa, shaidu biyu su sa hannu. Ranar shiga a zagaya tare a ɗauki hoton kowane lungu da waya. In da hali kowa a sa masa mitarsa mai kati, rigimar bil ta mutu. Kunyar minti goma ce, tana hana zaman kotu na shekara.

Kuma abin da na lura da shi, ɗan haya yana riƙe gida ne yadda ya ga mai shi na riƙe da shi. In ya kira ka a kan fashewar bututu ka zo washegari, shi ma in ya ga tsaga a bango zai gaya maka tun tana ƙarama. In ya kira sau biyar ka share shi, ya daina kira. Ya koma kallon gidan kamar tashar mota. Ranar da zai sake yi maka magana ita ce ranar da katanga ta faɗi.

Dillalai da masu kula da gida su ma suna da nasu kason, babba ma. Sau da yawa mai gida bai san ana yoyo ba, domin wanda ya wakilta la'adarsa kawai ya sani. Tashin ɗan haya riba ce a wajensa, sabon shiga sabuwar la'ada. Don me zai isar da saƙon gyara? An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai ban yarda da karin maganar nan ɗari bisa ɗari ba. Sarkin da ya shekara bai leƙa garinsa ba, shi ya naɗa bafaden.

Wayon da ya fi ci mini rai

Ɗan haya ya gaji da jira, ya ci adashi, ya sa tayil, ya yi fenti, ya gyara banɗaki, ya ja ruwa. Mai gida ya zo wucewa ya leƙa ya ce "Masha Allah, Malam, ka gyara wuri." Shekara na zagayowa sai ƙari, domin ɗakin yanzu ya fi kuɗinsa na da. Ko kuma ka ji sanannen zancen nan: "Yaron wajena zai yi aure, muna buƙatar wurin." Bayan wata biyu ka wuce ka ga baƙuwar fuska a ciki, yaron wajen nasa kuwa ko budurwa bai tsayar ba.

Mutum ya biya kuɗin gyara, sannan a caje shi kuɗin jin daɗin gyaran da ya yi. Dokar Legas ɗin nan ta ba ɗan haya damar neman diyya in ya yi gyaran da rubutaccen izinin mai gida sannan aka tashe shi. Ka ga an sake dawowa kan rubutu.

Ƙanen wannan wayo shi ne korar mutum da guduma. A cire masa ƙyaure, a yaye kwano da sunan gyara a ƙi mayarwa, a yanke wuta, a sa wa rijiya kwaɗo. A Abuja da Legas, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida yake da shi, mai biyan wata notis ɗin wata ɗaya, bayan nan a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Kotu ke fitar da mutum, ba kafinta ba. Kafin a kai can ma akwai mai unguwa, akwai limami, akwai Hisba, duk suna sulhun irin wannan kullum. Wanda ya tsallake su duka ya hau rufi da guduma, ba haƙƙinsa yake nema ba.

Zaman tare

A gida na biyu da na yi haya, wata dattijuwa ce mai gidan, muna ce mata Hajiya Babba. Ba ta da wani ƙarfi. Amma ba ta taɓa shigo mana ba sai ta aiko yaro tukuna, ko da kuwa ginin nata ne. Ta san abin da wasu manyan Alhazai suka manta, cewa ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani ba izini ba ta yi maganar wanda ke riƙe da takardar fili ba. Ɗakin da ka ba da haya, ka ba da sirrinsa tare da makullinsa.

Shekarar da aka yi wata uku ba a biya mu albashi ba, na je mata ina ta kame-kame. Ta ce, "Ɗan nan, tashi ka tafi. Ran da aka ba ka ka kawo." Da rufin kicin ya lalace kuma ba ta da kuɗi, ba ta ɓuya ba. Ta kira ni ta ce in gyara, in kawo mata lissafi a gaban ɗanta, a cire a haya wata-wata. Shekara biyar na yi a gidan. Da hannuna na dasa mata darbejiya a ƙofar gida, na kuma kori yara daga hawa katangarta fiye da yadda nake korar su daga tawa yanzu. Ba ta taɓa biyan dillali ko sisi a kan ɗakina ba, ɗakin bai taɓa kwana ɗaya ba kowa ba.

Ba ta ba ni kyauta ba, kuɗinta ta karɓa cif. Abin da ta ƙara a kai bai ci mata ko kwabo ba: ta ɗaga waya, ta faɗi gaskiya in babu, ta sanar da ƙari tun saura wata uku, ta zo barka da aka yi mana haihuwa.

Malam kuwa bai kai ƙarshen shekararsa ba. A watan Oktoba ya kwashe iyalinsa ya koma can bayan Rijiyar Zaki, ya bar kuɗin wata takwas a hannun Alhaji, don ya ce ba shi da ƙarfin shari'a. Ɗakin ya yi wata huɗu a rufe.

Shekaranjiya na ga dillali ya kawo wani saurayi da ake shirin bikinsa bayan Sallah. An sake silin, an shafe shi da farin fenti tas. Kwanon sama kuwa ko ƙusa ɗaya ba a buga masa ba, daga tagar benenmu ina hango inda ya ɗage. Rani ne, sama wasai. Yaron yana ta ɗaga kai yana murmushi, yana auna inda gado zai zauna.

Da dillalin ya juya yana amsa waya, na yafito shi gefe. Na ce, "Samari, kafin ka ba da ko sisi, zo in ara maka tsani."